Ɗaki Ɗaya ko Biyu

Ƙarfe huɗu na yamma a Tartu, duhu ya riga mu tashi.
Kogin Emajõgi ya daskare har gindin gada,
ni kuma na zuba wa allo ido
kamar mai gadin tukunyar da ta ƙi tafasa.

Na ce wa magini, gina.
Ya gina.
Na ce wa ɗan aiken da muka liƙa masa, tayar da manhajar.
Ta tashi, ta ja numfashi uku,
ta yi tuntuɓe a layi na ɗari biyu da sha ɗaya,
ta kife.
Kifewar ma ba ita kaɗai ba,
ta riƙo rigar magini suka tafi tare,
babu sallama, babu rahoton gwaji.

Tõnis ya ɗago kai daga kofin shayinsa,
gutsuren baƙin burodi a gemu.
"Ülle, kin taɓa tambaya kuwa?
Ɗaki ɗaya suke kwana, ko an ware mata nata?"

Ban taɓa ba.
Shekara uku ina danna maɓallin nan
kamar yadda ake kunna fitila,
ba ruwana da inda waya ta bi a cikin bango.

Ashe ɗaki ɗaya ne.
Ma'aji ɗaya, tukunya ɗaya, ludayi ɗaya.
Tsoffin kayan da magini ya shigo da su
su take ɗauka ta sa, ko sun yi mata ko ba su yi ba.
Tashi da wuri, wannan kam akwai shi,
wanda ke cikin gida ba ya neman makulli.
Amma ran da ta ja ƙofa cikin fushi,
kowa ta rufe.

Kalma ɗaya na sauya a takardar saiti,
inda aka rubuta a'a na mayar da ita e.
Sai ga ta a jerin masu aiki da lambarta,
da ma'ajinta, awon da na yanka mata.
Na tura ta da gangan, ta faɗi.
Magini ko gezau,
ya ɗauki alƙalami ya rubuta: ta faɗi, wuri kaza.

Na yi dariya har Tõnis ya juyo.
Dariyar ba ta kai Isha ba.

Na kafa tarko a layin da nake zargi,
ta wuce abinta, tarko bai motsa ba.
Ashe a ɗakin magini na kasa kunne,
ita tana can bayan katanga.
Saƙon da na ba shi ma bai kai mata ba,
sai an rubuta shi daban, an miƙa hannu da hannu.
Da na sallami magini ya tafi,
ita tana nan, ta tokare ƙofa ta dubu takwas da tamanin,
ba mai kiranta, ba wanda take amsa wa.
Masu sana'ar nan marainiya suke ce mata.
Ban so sunan ba.

A bas ɗin komawa Annelinn
na share raɓar taga da safar hannu.
Jaagup ya tare a Pärnu tun watan Satumba,
da mitar wutarsa, da tukunyarsa guda mai lanƙwasasshen hannu.
Da, in ya ƙona abinci duk gidan ne ke tari.
Yanzu labulena tas,
ban kuma san ko ya ci ba.

Tõnis ya ce dabarar ba ta da wuya:
tun kafin ta tashi za ki bar mata taga,
ki riƙe lambar, ki zo ki tsaya,
ki saurara, kada ki shiga.

Na ciro waya, yatsuna sun ƙage.
Na rubuta, ka sayi takalmin sanyi?
Na goge.
Na rubuta, kogi ya daskare.
Bas ya tsaya, ya tashi, ya sake tsayawa.
Ɗigo uku suka fara rawa a ƙasan allo.